Awon Ƙofar Malam Ɗanlarai

"Ranar Asabar Oga Olu zai loda kayan shago."

Hafizu ya faɗi maganar kansa a sunkuye, yana murza wani tsohon tabon ƙuna a bayan hannunsa. Ni'ima na zaune a ɗaya gefen tabarmar, a bakin zauren gidansu da ke unguwar Ƙofar Dumi a Bauchi. Ta daɗe tana jin ƙishin-ƙishin, amma jin maganar daga bakinsa daban ne.

"Ya loda ya kai ina?"

"Legas. Ƙaninsa ya samo aikin ƙofofi da tagogi a wani rukunin gidaje da ake ginawa. Ya ce mutum ɗaya zai tafi da shi cikin ma'aikatansa."

"Kuma kai ne mutum ɗayan."

Bai ce a'a ba. Hawaye suka shiga zuba a kan hijabinta.

"Don Allah Ni'ima kar ki fara. Wallahi ban ba shi amsa ba."

"To me za ka ce masa? Ka san sharaɗin Baba. In ka tafi, an gama da maganarmu. In ka zauna kuma..."

"In na zauna in ci me? Ƙarasa mana, ai abin da ke bakinki ke nan."

Wanda bai ga unguwar Gwallameji a shekarun baya ba, ba zai gane abin da ake yi wa kuka ba. A lokacin, duk ma'aikacin da albashinsa ya ɗan yi auki sai ya je can ya yanki fuloti. Tifofin yashi na shiga suna fita, masu buga bulo a tsaye suke cin abinci, 'yan Kudu suka zo suka buɗe shagunan tayil da fenti da kayan famfo. A shagon waldar Oga Olu kuwa, in kana son ƙofa sai ka bi layi, ka kuma haɗa da roƙo. Nan Hafizu ya koyi aiki har ya zama hannun daman mai shago. Nan kuma ya ga Ni'ima, ranar da ya je saka tagogi a makarantar yara ta Madam Cecilia inda take koyarwa. Gwanin da ake yabo sai ga shi ya saka taga a karkace, don idonsa na wani wajen.

Sai abubuwa suka juya. Mai ya tashi, siminti ya bi shi, ƙarfe ma ya ce ba a bar shi a baya ba. Albashi kuwa yana nan inda aka san shi. Gine-gine suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a falon da aka yi niyyar shimfiɗa kafet, awaki suka tare a ɗakunan amare. Mai tayil ne ya fara rufe shago ya koma garinsu. Magina suka bi bayansa, wasu Abuja, wasu Fatakwal. Ma'aikatan da suka riga suka tare suka ga kuɗin keke kaɗai na neman cinye albashin, suka kwashi iyali suka koma gidajen iyayensu a cikin gari. Yaran ajin Ni'ima suka riƙa raguwa kamar ana ɗebe su da cokali, har ranar da Madam Cecilia ta rungume ta tana kuka, ta ce ba za a dawo daga hutu ba.

"Kin san aikin da na yi jiya?" Hafizu ya ɗago jajayen idanunsa. "Akwai wani gidan bene kusa da rijiyar burtsatse, ni na saka masa tagogi da hannuna. Mai gidan ya kira ni, na tafi da murna. Ashe cirewa zan yi. Ina yankewa, 'yan gwangwan na tsaye da sikeli suna ɗorawa. Yanzu aikinmu ke nan, Ni'ima. Mun daina sawa, cirewa muke yi."

"Ka yi haƙuri."

"Haƙurin nake ci. Amma Inna ba za ta ci haƙuri ba, ƙannena ma haka."

"To ka tafi!" Muryarta ta fashe. "Ka tafi Hafizu, ban hana ka ba. Sai dai ka sani, ranar da motar nan ta fita daga Bauchi da kai a ciki, ni da rai ne kawai za a gan ni."

Ya daɗe yana kallonta. Aka kira sallar magariba a masallacin bakin lungu, ya miƙe ya saka takalminsa, bai ce zai tafi ba, bai ce zai zauna ba.

*

Sharaɗin Malam Ɗanlarai, mahaifin Ni'ima, ba ɓoyayye ba ne, kowa a unguwar ya san shi. Ranar da manyan Hafizu suka zo neman aure, ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce bai tsani yaron da komai ba. Abu ɗaya ya gindaya: duk wanda zai auri Ni'ima, a Bauchi zai zauna da ita.

Ba rigima ce ta tsufa ba. Matarsa Fati ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku. Sabitu, babban, yana Mararaba kusa da Abuja yana jan keke, sai sallah ake ganin sa, wata sallar ma sai dai murya a waya. Ladan ya bi abokai suka ratsa sahara neman aiki. Da farko yana kira, daga baya kiran ya yi nisa, daga nan sai shiru. Har yau in baƙuwar lamba ta shigo, da sunan Ladan a bakinsa Malam yake ɗagawa.

"Na ba hanya biyu," haka ya ce wa manyan Hafizu. "Ba zan ba ta ta uku ba."

Ni'ima na shiga gida ta tarar da Goggo Saudatu, ƙanwar mahaifinta, zaune a tsakar gida tana fifita da bakin mayafi. Kwanan nan Goggo ta mayar da gidan wurin zuwanta kullum, kuma ba ta zuwa sai da magana ɗaya a baki.

"Mai waldar ne?"

"Shi ne, Goggo."

"Uhm. Mai walda a garin da aka daina gini! Ke Ni'ima, wai me ya shiga kanki ne? Sa'anninki na kai 'ya'ya makaranta, ke kina zaune kina jiran mutumin da ko tartsatsin wutarsa an daina gani."

"Goggo, ba shi ya jawo ba. Kowa ma a cikin halin yake."

"Ba kowa ba. Alhaji Abdulhamid na cikin wane hali?"

Nan dai aka dosa. Alhaji Abdulhamid babban mai hatsi ne a kasuwar Muda Lawal. Matarsa ta rasu ta bar masa yara, kuma tun ranar da ya ga Ni'ima a shagon zare ya aiko. Shi kam wannan matsin ƙiba ya sa shi, don ko gini ya tsaya ciki ba ya tsayawa. Damuwarsa ɗaya a duniya ita ce inda zai ƙara jibge buhuna.

"Mutum mai kamala, ba sha ba caca, ga shi ɗan gari, ba inda za shi," in ji Goggo. "Sharaɗin ubanki ma kamar don shi aka yi. Ke dai ki buɗe idonki, akwai abin da ba ki sani ba."

"Mene ne ban sani ba?"

Goggo ta kau da kai, ta ci gaba da fifitarta.

Gaskiya ne akwai abin da ke yawo a gidan. Baffanninta biyu sun yi ta zarya a 'yan makonnin nan, su ƙule a zaure da Baba suna magana ƙasa-ƙasa, in ta kawo ruwa su yi tsit. Bayan tafiyarsu kuma tuwon Baba yadda ta kai haka take ɗaukowa. Ta ɗauka labarin Ladan ne, ta ji tsoron tambaya.

Washegari da hantsi ta same shi a zaure kan buzunsa, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa. A wannan zauren mahaifinsa ya koya masa ɗinkin hannu, a nan kuma ya tsufa. Da can manya har layi suke bi, yanzu kuwa rigar nan ita kaɗai ce aikin da ke hannunsa, mai ita ma ya daina tambaya. Yana ta kai zare bakin allura yana kuskurewa. Ta durƙusa ta karɓa ta zura masa.

"Baba, wata alfarma nake roƙo."

"Ina jin ki, uwata."

"Hafizu ya samu aiki a Legas. In ka yarda a ɗaura, mu tafi, wallahi duk sallah..."

"Haka Sabitu ya ce. Duk sallah."

"Baba, babu aiki a garin nan. Kowa tafiya yake."

"Na sani. Ina zaune a nan nake ganin su suna wucewa da katifu a kan keke." Ya soka allurar. "Ni'ima, ban hana ki wanda kike so ba. Ki bar ni dai in ƙarasa ina jin motsinki a garin nan. Ko ban gan ki ba, in san in na yi tari za a iya kiran ki ki zo da ƙafa."

Ta kifa kai a gefen buzun tana kuka. Ya ɗora mata hannu a ka. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wata magana, ya kalli rufin zauren, ya kalli tsohuwar ƙofar katakon da ke jingine da bango, sai ya haɗiye abinsa.

*

Ranar Asabar ta kasa zama. Ta hau keke zuwa Gwallameji. Hanyar da a da sai an yi ta hon kafin a wuce, yau fayau take. Shaguna a rufe, allunan haya na lilo a jikin ƙofofi, wasu har rana ta cinye rubutun.

Babbar mota na tsaye a ƙofar shagon, an riga an ɗaure kaya da igiya. Oga Olu, dattijo mai furfura a gemu, yana tsaye yana kallon wurin da allon sunansa yake a da. Da ya gan ta ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Malama, ka zo? To ka yi masa magana. Tun safe ina fama, yaron nan kansa ƙarfe ne."

Hafizu ya fito daga cikin shagon da babu komai a ciki sai baƙin tabon wuta a ƙasa. Babu jaka a hannunsa. Abin da ta fara dubawa ke nan.

"Oga, na gaya maka. Ka yafe min."

"Hafizu, ni na zo garin nan da saurayi, a nan na yi aure, a nan na binne ɗana ɗaya. Kana gani ina so in tafi? Bauchi gidana ne. Amma gida bai ba ka abinci, za ka zauna ka kalli bango?" Ya juya ga Ni'ima. "Malama, in ya zauna, wahala ne. Ni na faɗa gaskiya."

"Na sani, Oga," ta ce a hankali.

"Na yi wa mahaifinta alkawari," in ji Hafizu. "Ya ce Bauchi, na ce Bauchi. Ko cire-ciren ne zan ci gaba da yi har Allah ya kawo sauƙi."

Oga Olu ya girgiza kai. Ya sa aka kwance igiya ɗaya, aka sauko da wani ƙaramin tsohon injin walda, wanda Hafizu ya fara koyo da shi. Ya ajiye a gabansa.

"Riƙe wannan. Wurinka kuma zan ba wani mai walda na unguwar Yelwa, tun jiya yana roƙo. In na ba shi, na ba shi. Kar ka kira ni gobe ka ce ka canza."

"Ba zan kira ba, Oga."

Suka rungume juna, manyan maza biyu suna share ido da bayan hannu. Motar ta tashi, ta yi kwana a bakin titi, suna tsaye har ƙararta ta ɓace.

Ni'ima ta rasa me take ji. Daɗi ne ya cika mata ƙirji, tsoro kuma na zaune a ƙarƙashinsa.

"Ka zauna," ta ce, kamar ba ta yarda ba.

"Na zauna. Zo ki ga wani abu."

Suka taka zuwa ƙarshen unguwar, inda fulotinsa yake tsakanin kangwaye. Ɗaki ɗaya ya samu ya rufa kafin komai ya tsaya. Daga bakin hanya suka tsaya suna kallon tagar ɗakin. Ba irin tagar kowa ba ce. Zanen lallen da ta taɓa yi a hannunta ranar bikin ƙawarta ya kalla, ya lanƙwasa ƙarfe ya fitar da shi, reshe da ganye da ɗigo. Ranar da zai auna wurin ita ta riƙe masa bakin tef, yana ja tana dariya tana cewa bai iya lissafi ba.

"'Yan gwangwan sun taya ta," ya ce. "Na ce ko zan kwana da yunwa, wannan ba ta hawa sikeli."

Ta rufe fuska da hijabi. Wannan karon kukan da ɗan sanyi a cikinsa.

*

Bayan 'yan kwanaki tana kasuwar Muda Lawal tana sayo wa Baba zare, wayarta ta yi ƙara. Rabon da ta ji muryar Hafizu da irin wannan haske har ta manta.

"Ni'ima, na samu aiki! Na sawa, ba na cirewa ba! Babbar ƙofar ƙarfe ta sito, mai ganye biyu. Wani direba ne ya kira ni, ya ce mai gidansa ni yake so, ba wani ba. Kuma kin san ina ne? Unguwarku. Ya ce in same shi a bakin masallaci ya kai ni in auna."

"Alhamdu lillahi! Ka ga? Ka ga abin da nake gaya maka?"

"In na gama zan biyo in gaida Baba, in gaya masa da bakina."

Ko ragowar cinikin ba ta tsaya yi ba. Ta hau keke tana ta murmushi ita kaɗai, har matar da ke gefenta ta riƙa satar kallonta. A bakin lungu ta sauka, ta taka da sauri, ledar zare na lilo a hannunta.

Tana shan kwana ta tsaya cak.

Hafizu ne tsaye a ƙofar gidansu, tef ɗin awo a hannunsa, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Gefensa Alhaji Abdulhamid ne cikin farar shadda, hannuwa a baya. Goggo Saudatu na tsaye daga cikin zaure. Baba kuwa na kan buzunsa a bakin ƙofa, rigar nan a cinyarsa, bai ɗago ba.

"Lafiya? Hafizu, ina sito ɗin?"

Da ido ya nuna mata ƙofar zauren.

Ledar ta suɓuce daga hannunta, zarurruka suka gangara cikin kwata.

"Baba?"

"Gidan gado ne, uwata." Muryarsa can ƙasa. "Ba nawa ba ne ni kaɗai. Baffanninki da Goggonki sun ce a raba. Ban ga laifinsu ba, su ma yunwa ce ta taso su. Yaran Baffanki ƙarami duk suna gida, an koro su daga makaranta. Haƙƙinsu ne, Allah ne ya ba su. Ba wanda ya iya saye a cikinmu, sai Alhaji."

"Tun yaushe?"

Ya ci gaba da kallon rigar da ke cinyarsa.

"Baba, tun yaushe?"

"An gama magana tun kafin mai gidan yaron nan ya tafi."

Ta dafa bango.

"Ka sani? Ranar da na durƙusa a nan ina roƙonka, ka sani? Ka bar shi ya tsaya yana kallon motar nan ta tafi, saboda Bauchin da kai ma ba ka da wurin zama a cikinta?"

"Ke! Ubanki kike yi wa wannan maganar?" Goggo ta daka mata tsawa.

"Ƙyale ta, Saudatu, gaskiya ta faɗa." Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. "Na yi ta sa ran za a fasa. Kullum in ce gobe zan faɗa, in na buɗe baki sai ya ƙi fita. Na cuce ka, Hafizu. Na janye sharaɗina. Ka ɗauke ta ku tafi Legas ɗin, na yafe."

Hafizu ya yi wata 'yar dariya mai ciwo.

"Baba, motar ta tafi. Wurin ma an ba wani."

Wani mai babur ya zo wucewa, ya rage gudu yana kallonsu, ya wuce.

"To kai ina za ka?" Ni'ima ta tambayi mahaifinta.

"Sabitu ya ce in taho Mararaba. Ɗaki ɗaya gare shi da iyalinsa, amma ya ce akwai baranda."

Baranda. Mutumin da bai taɓa kwana a wajen Ƙofar Dumi ba sai zuwa jana'iza. Ta runtse ido.

Sai a lokacin Alhaji Abdulhamid ya yi gyaran murya. Magana yake a natse, irin ta wanda bai saba a ce masa a'a ba.

"Malama Ni'ima, ni ba na son a ɗauke ni mugu. Ɗan kasuwa ne ni, sito nake nema, na samu na saya. Amma mutum ba ya jibge buhu a ɗakin surukinsa. In an zama ɗaya, Malam na nan a zaurensa iya rayuwarsa, ko ƙusa ba za a taɓa ba. Na faɗa wa Hajiya Saudatu, na kuma faɗa a gabanki. In kuma ba haka ba, to, ga mai awo na kira."

"Duk masu waldar garin nan ba ka ga kowa ba sai shi?"

"An ce ya fi kowa iyawa. An kuma ce yana neman aiki."

Goggo ta matso ta kama hannunta, muryarta ta sauko. Ita ma fa ba dutse ba ce, a gidan aka haife ta.

"Ni'ima, ki dube ni. Kin ɗauka daɗi nake ji? Wallahi da ina da yadda zan yi ba zan karɓi ko ƙwandala ba. Amma ga hanya Allah ya kawo. Kalma ɗaya daga bakinki, yayana ya mutu a ɗakin da aka yanke masa cibiya. In ya je Mararaba ba zai kai baɗi ba, ke ma kin sani. In Ladan ya dawo wata rana, wace ƙofa zai buga?"

Wannan ta ƙarshen ita ta fi soka. Ni'ima ta durƙushe a wurin, kuka ya ƙwace mata.

Hafizu ya tsuguna nesa kaɗan da ita. Idonsa jawur, amma muryarsa ba ta rawa.

"Ni'ima, saurare ni. Me nake da shi? Ɗaki ɗaya a tsakiyar kangwaye, da tsohon inji. Ko Baba na ce ya dawo wurinmu, a ina zan sa shi, me zan ba shi? Ki zaɓi Baba. Wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba."

"Kai ma kora ta kake yi?"

"Ba kora ba ce. Ina son ki ne, shi ya sa."

"Ka haƙura da Legas saboda ni."

"Wannan tsakanina da Allah ne. Kar ki sa shi a sikeli."

Ya miƙe, ya soma cusa tef ɗin a aljihu. Ya dubi Alhaji.

"Alhaji, ka nemi wani. Ni ba zan auna ƙofar nan ba."

"Ka tabbata? Na ji an ce mahaifiyarka ba ta da lafiya."

Hafizu ya cije leɓe, ya juya zai tafi.

Ni'ima ta ɗago ta dubi mahaifinta. So take ya ce wani abu. Ya umarce ta, ko ya roƙe ta, ko ya tsine mata ma, ta samu abin da za ta fake da shi. Malam Ɗanlarai ya ɗago idanunsa da suka fara yana, ya dube ta sosai.

"Ban roƙe ki ba, uwata. Ko bayan raina kar ki ce na roƙe ki. Na riga na ci zalin mutum ɗaya a maganar nan, ya isa."

Ta kalli ƙofar katakon. A jikinta ta koyi tsayuwa. A bakinta aka ajiye makarar Inna Fati. Ga wurin da Ladan ya kankare sunansa da ƙusa yana yaro, har yanzu bai goge ba. Ta kalli Alhaji, yana jira, fuskarsa a sake kamar wanda ya san farashin kowane buhu a kasuwa. Ta kalli bayan Hafizu, ya kusa shan kwana, kafaɗunsa a zube.

"Hafizu!"

Ya tsaya.

"Dawo."

Ya dawo a hankali, yana kallonta da rashin fahimta. Ta miƙe, ta share fuskarta da gefen hijabi, ta miƙa masa hannu.

"Ba ni bakin tef ɗin."

"Ni'ima, kin san abin da..."

"Na sani. Ba ni."

Goggo ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ni'ima, ubanki fa! Ubanki!"

Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya ba. Ta kama bakin ƙarfen, ta taka zuwa dokin ƙofar, ta danna shi a jikin bangon. Hawaye na zuba, ba ta ko ganin gabanta.

"Alhaji sito ya saya, a yi masa ƙofar sito. Ja, Hafizu."

Murmushin Alhaji Abdulhamid ya ɗauke. Hafizu ya tsaya da tef a hannu, ya kasa motsi, don tsakaninsa da ɗaya bangon akwai tsoho zaune a kan buzu.

Malam Ɗanlarai ya soke allurarsa a wuyan rigar, ya ninke ta a hankali. Ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya sunkuya ya naɗe buzun da ya yi shekara da shekaru a wurin, har ƙasan ya yi fari. Ya rungume shi a ƙirji, ya fito waje cikin rana, ya matsa musu daga bakin ƙofar.